Rabon Okoth

Mashayar ba ta da allo a ƙofa. Sai ka shiga shagon wani tela a unguwar Westlands, ka ture labulen bayan kekunan ɗinki, ka gangara ƙasa. Okoth, saurayina, shi ya fara kai ni. A nan kuma muka yi faɗan ƙarshe, na fice a fusace. Ya biyo ni, mota ta buge shi. Danginsa suka binne shi a garinsu, Siaya, ba wanda ya kira ni, tunda ba a kai shanun sadaki gidanmu ba.

Bayan shekara na koma. Mai haɗa abin sha sabo ne, bai san ni ba. Amma ya dire mini abin da Okoth ke sha, mai citta da lemun tsami.

Na ce, "Ban ce a kawo ba."

Ya ce, "Mutumin gefenki ne, 'yar'uwa. Kowace Alhamis nan yake zama."

Kujerar babu kowa, amma fatarta ta lotsa. Na taɓa, sanyi ƙalau.

Okoth ba ya kurɓa sai ya zuba wa magabata kaɗan a ƙasa, ni kuwa dariya nake yi masa. Na karkata kofin zuwa ƙasa. Na kasa kunne, ban ji ya ɗiga ba. Sai na ji an haɗiya, dab da kunnena.

"Haba Nyokabi. Shekara guda ina jiranki, ɗan wannan kawai?"