Na Yi Wa Hassana Ƙarya a Ruwan Tello

"Ni fa ba wanda zai sa min wuƙa a ido, Baban Raihana!"

Tun muna fitowa daga Garoua matata Hassana take wannan maganar, har muka wuce Ngaoundéré ba ta sauya ba. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu. Likitocin ido da suka zo asibiti ƙarshen wata za su koma, 'yarmu Raihana ta yi roƙo har ta gaji.

Ni ban yi boko ba, amma shekara arba'in ina dillancin shanu. Na san wanda roƙo ba ya ciyo kansa. Shi ya sa na ɗauko ta zuwa Tello, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse.

Nan na kawo ta tana amarya, a kan babur ɗin aro. Ranar ta tuɓe takalma ta shige kogon da ke bayan ruwan, ta fito sharkaf tana dariya, jan lallen ƙafarta a kan baƙin dutse. Har yau ina ganin wannan lallen.

Yanzu kuwa hannunta na riƙe, taki ɗaya ɗaya, har bakin inda ake tsayawa a hango ruwan yana zubowa daga sama.

"Faɗa min, yaya yake?" ta ce.

"Kai... ya lalace. Ɗan siriri ne, kamar ana juye buta."

"Buta? Da wannan rugugin?"

"Kogon ne ke ƙara masa murya."

"Bakan gizon fa?"

"Babu. Ina jin ya yi ritaya."

Iska ta kwaso feshin ruwan ta watsa mata a fuska. Ta shafa kumatu, ta juyo.

"Mahamman!" Rabon da ta kira sunana gatsau har na manta. "Maƙaryaci! Haka ka kai tsohuwar saniya kasuwar Bibémi ka ce karsana ce!"

"To ki duba da kanki mana, Hassanata."

Abin da ke gangarowa a kumatunta yanzu ba feshi ba ne.

"Tsoro nake ji," ta ce a hankali. "In suka taɓa, ɗan hasken da ya rage ya tafi fa? Ko inuwarka ba zan ƙara gani ba..."

"Ni ma ina jin tsoron. Amma na gaji da kallon duniya ni kaɗai, in zo ina ba ki labari."

Ta matse hannuna, irin matsewar ranar da muke kan babur.

"Kira Raihana, ta je asibiti ta sa sunana. Amma ka sani, ana buɗe min ido nan za ka fara dawo da ni. In na tarar da bakan gizon nan, ka shiga uku!"

Na ɗaga kai. Yana nan, daga bakin kogo har kan itatuwa, kamar ranar farko.

"Na shiga," na ce.