Injiniyan da Ya Gudu da Kaka

Ranar da Maite Fuenzalida ta fara ganin Yorman Pirela, faɗa take yi. Mai gadi ne ya hango jakar kai abinci a bayansa ya nuna masa ƙofar baya, alhali ofishinta ya zo. Wata ƙungiya ce a Santiago ta haɗa su, irin masu haɗa baƙi masu ilimi daga wasu ƙasashe da 'yan garin da suke sana'a ɗaya, don a nuna musu hanyar samun aiki. Injiniyan gini ne sukutum daga Maracaibo, amma keke yake takawa da miyar mutane a baya. Abin takaici!

"Rabu da shi, na saba," in ji Yorman.

"Sabon nan ya fi ba ni haushi," ta ce. "Zauna."

Ta yi ta koya masa ƙa'idojin gini na Chile, ƙasar da girgizar ƙasa ba ta barinta ta huta, har karatu ya koma hira. Wata rana ya turo mata saƙo: "Malamata mai masifa, yau na kai abinci benen da kika zana. Na tsaya kallon ginshiƙai har miyar ta huce."

Ta amsa: "Ɗalibina, kai wa mutane abincinsu. Ni ma ina kewarka."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Don Eladio, ya ce sam. "Ba ke yake so ba, tsani yake nema." Shi ya fi son Cristóbal, ɗan abokinsa, manaja a kamfanin da Maite ta samo wa Yorman ganawar ɗaukar aiki. Da ƙyar ya yarda Yorman ya zo shayin yamma, kuma don mugunta ya gayyato Cristóbal.

Ana shafa wa burodi fiya sai ƙasa ta motsa, kofuna suka hau ƙara. Duk ɗan Chile ya san ba a tashi don irin wannan, fitilar rufi ake kalla a ci gaba da tauna. Yorman bai sani ba. Zumbur ya miƙe, ya sungumi kakar Maite, Doña Hortensia, daga kujerarta, sai titi.

Suka yi dariya har da buga tebur. "Wannan ne zai gina mana bene?" in ji Cristóbal. Bakinsa kuwa ba ya riƙe magana. Labarin ya zagaye kamfanin, aka soke ganawar.

"Na zubar miki da mutunci," Yorman ya rubuto. "Ki nemi wani ɗalibin."

"Ba ka isa ba," ta amsa, ta nufi gida tana huci.

"Baba, kun raba mutum da aikinsa saboda dariya!"

"Matsoraci ne, ba zan ba shi 'yata ba."

Doña Hortensia ta doka sandarta a ƙasa. "Eladio, yi min shiru. Daren babbar girgizar nan da bangonmu ya tsage, kai ka fara fita, rungume da karenka. Ni da rarrafe na fito, ban taɓa goranta maka ba. Yaron nan ko sunana bai gama riƙewa ba, amma ni ya ɗauka. Wane ne matsoracin?"

Don Eladio ya sunkuyar da kai. Kunyar ta yi masa nauyi ƙwarai, kuma ya cancanta.

Maite ta kai Yorman wani kamfanin, suka gwada shi suka ɗauke shi. Ranar aure, a ƙofar coci, Don Eladio da kansa ya ɗora hannunta a na Yorman. Kaka ta shafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. Sannan ta ja kunnen ango. "Ni na samu rabona. In ƙasa ta sake motsi, ita za ka ɗauka."