Farin Allon Kibiya

Tun kafin Sufeto ya iso ofis an riga an jefa mai gyaran kwamfuta a bayan kanta. Mahaifiyarsa na zaune a bakin ƙofa, ta rungume jakarta, duk wanda ya wuce sai ta bi shi da ido.

Mai ƙarar wata Hajiya ce, mai gidan wasan kwamfuta, wadda take ɗaukar nauyin ƙungiyar matasa masu shiga gasa. Ta ce an sace sabon madabod daga kwamfutar Kibiya, gwanar ƙungiyar, an maye gurbinsa da tsoho. Shugaban ofis kuwa ya riga ya yanke: gobe da safe a kai yaron kotu.

Hankalin Sufeto bai kwanta ba. Shi dai iyakar saninsa da kwamfuta kunnawa da kashewa, ga kuma rayuwar mutum a hannunsa. Ya sa aka fito da mai gyaran.

"Mene ne madabod?"

"Babban allon da ke cikin kwamfuta ne, ranka ya daɗe. Komai a jikinsa ake maƙalawa. Wanda na sa wa Kibiya fari ne, gurbin katin hotonsa samfuri na biyar. Wanda na tarar yau baƙi ne, na huɗu."

"Wa ya fara lura?"

"Ni ne. Kwamfutar ke ɗaukar zafi tana mutuwa, Hajiya ta kira ni. Ina buɗewa na ce mata wannan ba allona ba ne. Sai ta ce ai ni kaɗai na iya wannan aikin."

Sufeto ya dube shi. Ɓarawon da zai tona kansa da bakinsa, bai taɓa gamuwa da shi ba.

"To yaya aka yi mai wasan ba ta gane an canza ba?"

"Gurbin kamar titi ne. Na biyar ya ninka na huɗu faɗi, amma motocin da ke bin sa yanzu ko na huɗun ba su cika ba. A wasa da ƙyar ka ga bambanci. Amfaninsa sai gaba, in an sayi katin da ya fi wannan."

Da rana Sufeto da Saje suka isa gidan wasan. Ɗaki ne dogo mai sanyi, tebura a jere, wayoyi a ɗaure a ƙarƙashinsu. Kwamfutar Kibiya na kan teburin farko, gefenta a buɗe.

Sufeto ya haska cikinta da fitilar waya. Farin man da ake shafa wa injin don rage zafi ya dame ko'ina, kamar yaro ya yi wasa da man goge baki. A can ƙasan akwatin ya hango wani ɗan guntun farin roba. Ya ɗauke shi da hankici, ya tura hotonsa ofis a nuna wa mai gyara.

Amsa ta zo nan take. Makullin gurbin kati ne. Danna shi ake yi kafin a zare katin. Wanda ya karya shi fizgowa ya yi da ƙarfi.

"Hajiya, wa ke riƙe mabuɗin gidan nan?"

"Ni kaɗai."

"Ba kya ba kowa?"

"Sai dai ɗan yayana, in zan yi tafiya. Amma shi ɗana ne, Sufeto, kada ma ka kai zuciyarka can."

Ɗan yayan nata shi ake kira Damisa, ɗan wasa na biyu a ƙungiyar. Dogo ne, yana zaune a teburin ƙarshe gaban kwamfutarsa ta kansa da ya kawo daga gida. Ƙafarsa sai rawa take a ƙarƙashin tebur.

"Ka taɓa buɗe kwamfuta?"

"Ni? Ko sukudireba ban iya riƙewa ba, yallaɓai. Wasa kawai na sani."

"Ka san abin da aka sace?"

"An ce wani allo ne. Ban san kansa ba."

Sufeto ya ja Kibiya zuwa baranda. 'Yar siririya ce, idanunta sun yi ja don kuka, gasa saura kwana kaɗan ga kwamfutarta a kwance.

"Akwai wanda ya damu da allon nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Damisa. Tun da aka sa mini shi ya hana ni sakat. Kullum na cinye shi sai ya ce ba ni ba ce, samfuri na biyar ne. Har a waya yake nuna mini bayanai. Kwanan baya kuma sai ya daina maganar gaba ɗaya."

"Me ake yi wa wanda aka cinye?"

"Mutum ɗaya za a tura gasar."

Hankalin Sufeto ya koma kan kwamfutar Damisa. In ya buɗe kwamfutar ɗan gida a gaban Hajiya ya tarar ba komai, ƙararsa za ta riga shi isa ofis, mai gyara kuma ya kwana da shirin kotu. Ya share gumin goshinsa, ya koma ciki.

"Saje, buɗe mini wannan."

"Gwaggo, kina gani za su taɓa mini kaya!" Damisa ya miƙe zumbur.

"Sufeto, wannan cin mutunci ne!" in ji Hajiya.

Saje ya kwance kusoshin kwamfutar Damisa ya zare murfin. Farin allo ya bayyana. Sufeto ya kai guntun robar bakin gurbin katin, karayar ta hau daidai.

Kowa ya juya ya dubi Damisa.

Damisa ya zube a kan kujera. "Ranar da kika tafi asibiti na canza su, Gwaggo. Na ɗauka in na samu allon zan cinye ta, ki tura ni. Na yi niyyar mayarwa bayan gasa."

"Ka cinye ta?" Sufeto ya tambaya.

"Ko sau ɗaya. Da tsohon allona ma ta fi lallasa ni."

"Da aka kama bawan Allah a gabanka fa?"

Ya rufe fuska da hannu. "Tsoro na ji."

Hajiya ta kama hannun rigar Sufeto. "Na janye ƙarar. Maganar gida ce, za mu gyara."

"Ta gida ce kafin a kulle ɗan wani, Hajiya. Yanzu sai a ofis."

Ya kira ofis ya ce a saki mai gyara. Saje ya sa wa Damisa ankwa, ya tasa shi gaba ta tsakanin teburan.

A bakin ƙofa Kibiya ta matsa gefe ta ba su hanya.

"Yaya Damisa," ta ce a hankali, "da ka tambaye ni, da na tashi na ba ka kujerata ka gwada."

Bai iya ɗaga ido ba. Saje ya buɗe masa ƙofar mota.