Tsuntsu na Ɗari

Likita ne ya ce wa Issa, ɗan Maraɗi mai shago a ginin 'yan kasuwa na Tianxiu a ƙasar Sinawa, ya riƙa tattaki saboda hawan jini. Shi kuma ya zarce umarnin. Ya shiga ayarin tsofaffin Sinawa masu kallon tsuntsaye, daga fadamar Haizhu zuwa kurmin dutsen Baiyun, da madubin hangen nesa a wuya da littafin rubuta duk tsuntsun da ya gani. Da bazarar nan ya kai casa'in da tara.

Na ɗarin ya ƙi fitowa daga ciyawa. Sai Issa ya yi abin da tsofaffin suka hana: ya naɗi kukan a waya, ya yi ta kunna masa. Da magariba kuwa, lokacin da a gida uwarsa ko fito ba ta bari a yi. Wani abu ya amsa. Ya hango inuwa, ya rubuta ɗari, ya kama hanya.

Washegari, ana shirin alwala, aka fara jifan taga. Katantanwa ce, jiƙe da laka. Issa ya ce yaran maƙwabta ne. Habsatou, matarsa, ta tuna masa a hankali cewa a hawa na sha tara suke.

A kwana na uku 'yarsu Saffana ta daina magana. Ta bar abinci. Rana na faɗuwa sai ta tsaya jikin taga a kan ƙafa ɗaya, tana wannan kukan. Issa ya ce gajiyar karatu ce.

Habsatou ba ta nemi shawararsa ba, ta kira Malam Abdulbaƙi, Bakano mai sayen tayil. Malam ya zauna ya yi ta karatu har ɗakin ya yi tsit. Can wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Shi ya kira ni."

Malam ya tambaye shi me yake so. Muryar ta ce kowace bazara yakan bi tsuntsaye zuwa arewa. Bana ya ji kiran matarsa, wadda ta ɓace tun tuni, ya tsaya nema, ayari ya tashi ya bar shi.

"Na zo na tarar da waya."

Mai muryar ya so riƙe yarinyar har baɗi. Malam ya ce ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Aka daidaita: a goge muryar da ke cikin waya, a buɗe tagar arewa, sannan a cire shi daga littafin, don shi ba tsuntsu ba ne.

Issa ya goge muryar nan take. A kan littafin ne ya ɗan tsaya.

"Baban Saffana," in ji Habsatou.

Ya ja layi a kan na ɗarin. Labule ya motsa, ba iska. Saffana ta sauke ƙafarta, ta tambaya ko akwai sauran shinkafa.

Har yau Issa yana cewa gajiyar karatu ce. Ya ga sabbin tsuntsaye da yawa tun daga nan. Littafin dai yana nan a casa'in da tara.