Inna Ta Nemi Bugu a Hannun Takwararta

"Wallahi gawa suke riƙe mana!" Inna ta faɗa tun daga bakin ƙofa, ta yi jifa da mayafinta kan kujera. "Na kama hannun takwarata, na laluba, na laluba — babu bugu!"

Malama, surukarta, wadda ta leƙo gida ɗaukar kaya kawai, ta sandare da fulas a hannu. Kwana huɗu ke nan 'yarta mai shekara shida, mai sunan Inna, tana asibiti. Da mura abin ya fara, ashe cutar ta sauka a zuciya, ta kumbura ta har ta kasa tura jini. Likita ta ce sai an jona yarinyar da injin da zai ja jinin, ya ba shi iska, ya mayar jiki, zuciyar ta samu ta huta. Wayar mijinta ta ƙi shiga, Malama ta sa hannu ita kaɗai.

"Inna, likita ta ce—"

"Rufe min baki, 'yar boko! Ke kika sa aka huda min jika. Kai kuma," ta juya kan ɗanta, "ka sa a cire, a ba mu ita mu yi mata sutura. In ba haka ba, zaɓi: ni ko matarka!"

Injiniya ake kiransa, ko da yake injin ban ruwa kawai yake gyarawa. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi, ya suri makullin babur.

"Filis, don Allah ka dube ni mana," Malama ta ce, hawaye shaɓe-shaɓe. Ko kallonta bai yi ba, wannan kuwa ya fi zagin Inna ciwo.

Da niyyar cewa a cire ya isa asibiti, ya shiga ɗakin da 'yarsa take. Amma mai hali ba ya fasa halinsa: idonsa ya bi bututun jinin har zuwa injin, ya kasa kunne.

"Likita, wannan bugawa yake, ko zuba yake kai tsaye?"

"Kai tsaye. Shi ya sa ba a jin bugu a hannu. Zuciyar tana nan, gajiya ta yi. Alkawari dai ba zan yi maka ba."

Ya taɓa tafin ƙafar 'yarsa, ya ji ɗumi. Kunyar matarsa ta rufe shi.

A gida ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. "Inna, ki gafarce ni. Ba zan cire ba, kuma ba zan saki Malama ba."

Inna ta daina amsa gaisuwarsu. Malama ba ta fasa durƙusawa ba, ba ta fasa miƙa mata ruwa ba, sai ta fita baranda ta yi kukanta, mijin yana cewa, "Sori, Malamata." Inna kuwa, duk fushin nan, kullum da safe tana bakin gado riƙe da hannun jikarta.

Ranar kwana na tara aka ji ihunta har wajen nas-nas: "Yana bugawa! Ku zo, yana bugawa!"

Bayan kwana uku aka cire injin. Inna ta kamo Malama. "'Yata, da kin bi maganata, da da hannuna na binne ta da rai. Yafe min."

Mahaƙurci mawadaci. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma abin da ba ka sani ba, tambayi masu shi kafin ka yanke hukunci.