Giwar Da Aka Taɓa

A layinmu da ke birnin Madurai akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Tun tana shekara biyar kakanta, wanda take kira Thatha, ya koya mata darar ces a baranda. Kafin ta kai bakwai ta cinye mai shayin bakin layi da likitan unguwa. Ni ma ta cinye ni, har yau ban gane ta inda ta ɓullo ba.

Wasan yana da doka: abin da ka taɓa, shi za ka motsa. In daidaita masa zama kawai za ka yi, sai ka fara cewa "gyara" kafin hannunka ya sauka.

Wata shekara aka shirya gasar yara ta jiha. Wanda ya zo na ɗaya zai tafi Delhi. Yarinyar ta yi wa Thatha alkawarin tare za su hau jirgin ƙasa.

Ana gobe za a kammala, ta haɗu da wata mai suna Thenmozhi. Wasa ya yi zafi. Yarinyar ta kai hannu ta kama giwarta, ɗaya daga cikin 'ya'yan darar. Nan take ta ga in giwar ta gusa, sarauniyarta ta tafi. Ta yi sauri ta saki.

"Gyara," in ji ta.

"Sai da kika taɓa kika faɗa!" in ji Thenmozhi.

Alƙalin wasa ya zo. Bai ga komai ba. Yarinyar ta dage a kan maganarta, aka ci gaba, ta ci. Thenmozhi ta fita tana share hawaye.

Ashe Thatha yana cikin 'yan kallo, ya ga komai.

Da suka koma gida mahaifiyarta ta zuba musu shinkafa da kindirmo. Suna gamawa Thatha ya shimfiɗa allon wasa. Ya ɗauki doki, ya mayar. "Gyara." Ya ɗauki soja, ya kai shi gaba, ya dawo da shi. "Gyara."

"Haba Thatha! Wannan ai ba wasa ba ne!"

"To, na safe fa, wasa ne?"

Kunya ta rufe ta.

"Na tsorata ne," in ji ta a hankali. "Ina so in kai ka Delhi."

"Delhi ba ta gudu, jikalle. Amma ni ba na hawa jirgi da tikitin wata."

Ya naɗe allon ya ɗora a kan kabad, inda hannunta ba ya kaiwa.

Washegari ta je wurin alƙali, ta kira Thenmozhi, ta faɗi gaskiya.

"An riga an sa hannu a sakamako, ba zai sauya ba," in ji alƙalin. "Amma na ji, ita ma ta ji."

Thenmozhi ta harare ta. "Sai yanzu?"

"Sai yanzu. Ki yafe mini."

Aka zauna wasan ƙarshe. Wannan karon da wani yaro take karawa, in ta ci shi ta tafi Delhi. Can yaron ya tashi shan ruwa. Tana cikin tunani sai ta ji yatsunta a kan doki. Ta duba sosai, duk inda ya je cinye shi za a yi. Babu mai kallonta, ko Thatha yana waje.

Ta daɗe riƙe da shi. Sannan ta motsa dokin.

Ta sha kashi, ta zo ta uku. Ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

A bakin ƙofa ta gaya wa Thatha abin da ya faru. Tsohon ya cire tabarau ya goge ido. Suna isa gida ya taka kujera ya sauko da allon.

"Zauna," in ji shi. "Yau na sami abokiyar wasa."

Da shekara ta zagayo ta zo ta ɗaya, suka hau jirgin Delhi. Thenmozhi ce ta kawo musu guzurin ayaba har tasha.

Yara, in kun yi kuskure ku amsa naku ne, ko da babu wanda ya gan ku. Abin da kuka taɓa, shi za ku motsa.