Kiyashi a Kafaɗar Fijo

Ana saukowa daga Juma'a aka tsinci Baba Sama'ilu kwance a gefen hanyar da ta ratsa gonakin gero, tsakanin Ɗinyar Malam da Gezawa. Ƙafarsa a karye, kekensa a lanƙwashe. Ta baya aka buge shi, bai ga direba ba. Abin da ya gani kawai shuɗiyar mota ce. Ga kuma shuɗin fenti a jikin keken.

Mota shuɗiya ɗaya ce tak a Ɗinyar Malam, wato tsohuwar Fijo 504 ta mijin Hajiya Sauda, marigayi. Ta daɗe a ajiye, rana ta cinye mata haske, har Hajiya ta ba Nababa mai fenti ya dawo da ita hayyacinta, don a ciki take so a ɗauko amaryar ɗanta Fatihu.

Kafin Saja Hashimu ya iso daga Gezawa a kan babur, samari sun kewaye garejin Nababa da ke ƙarƙashin darbejiya. Wasu da duwatsu, wani da galan ɗin fetur.

Saja mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya sauka, ya zaga motar, ya sake zagawa, sannan ya ce, "Duk wanda ya yi jifa a sel zai kwana. Ina mai garejin?"

Nababa ya matso, leda a hannunsa.

"Ina kake lokacin salla?"

"Gezawa, ranka ya daɗe. Na je sayo man goge fenti, na yi Juma'ata a can."

"Wa ya gan ka?"

"Mai shagon, amma da hantsi. Masallacin kuwa cike yake, ban san kowa ba."

"Makullin motar fa?"

"A jikinta yake kwana yake tashi."

"Kai mahaukaci ne?"

"Aikin ne ya gaji haka. Ba a goge fenti a rana, sai ya ƙone. Inuwa muke bi. Da safe tana yamma da bishiya, da yamma tana gabas. Duk garin nan an san makullin na jiki."

Basiru mai shayi, wanda teburinsa ke jingine da gindin darbejiyar, ya ɗaga murya. "Saja, ni dai ban ce shi ne ba. Amma mota a hannun wa take?"

Samari suka ɗauka. Saja ya sa wa Nababa ankwa, ya zaunar da shi a benci. Da ankwa a hannunsa ya fi tsira daga dutse.

Saja ya sa aka kira Fatihu. Angon ya zo yana haki.

"Kai ne mai zumuɗin motar. Ka ɗana ta yau?"

"Wallahi ina sahun gaba, bayan liman."

Dattawa suka ce haka ne, sun gan shi har aka shafa. Saja ya sallame shi da hannu, ya juya kan Basiru.

"Kai da kake maƙwabcinta, me ka gani?"

"Na rufe teburi na tafi masallaci, yallaɓai. Ina can baya, wajen takalma."

Saja ya koma wurin motar. Ya dafa murfin injin, da sauran ɗumi. An tuƙa ta, babu tantama. To ina tabon? Motar da ta bar fenti a jikin keke dole keke ya bar mata nasa. Ya duba gaba, ya duba gefe, sai ƙyalli ko'ina, har yana ganin gashin bakinsa a ƙofa. Ya tsuguna, ya tashi, ya goge gumi. Rana na yin ƙasa, samari kuma ba su ajiye duwatsu ba.

A kafaɗar hagu, saman taya, ya ga kiyashi. Layi suka yi daga taya zuwa wani wuri mai faɗin faranti, sun taru a nan. Sauran motar babu ko ɗaya. Ƙura ma a nan kaɗai ta manne.

Ya shafa da yatsa ya sansana. Ya sa farce a bakin fitila ya kankaro wani abu mai toka-toka, ya murje shi. Sai ya kwance ankwar Nababa.

"Tashi ka nuna min yadda kake aikinka."

Nababa ya jawo bokiti. A ciki akwai sanfefa jiƙe cikin ruwan sabulu, mai laushi kamar ganye. Ya je bayan motar inda bai gama ba, ya watsa ruwa, ya shiga ja a hankali, gaba da baya, a miƙe.

"Me ya sa da ruwa?"

"In ka yi a bushe ka zane ta. Wannan fentin tun na asali ne, bai fi fatar albasa kauri ba. Mataccen saman kawai nake cirewa. Sannan in sa man goge, in bi da tsumma har ya bushe ƙarau."

"Kana kewayawa da sanfefa?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

"To ku turo min ita rana."

Aka turo ta. Da haske ya faɗa kan kafaɗar hagu, sai ga zane-zane zagaye-zagaye, ɗaya cikin ɗaya, a tsakiya har farin ƙasan fenti ya leƙo. Nababa ya dafe kai.

"Innalillahi! Wane azzalumin ne ya yi mata wankin tukunya?"

Saja ya bar shi nan. Ya tafi teburin Basiru ya zauna a bakin benci, ƙafarsa na kaɗawa.

"Haɗa min shayi. Kai, tsaya, wannan butar taka duk baƙin hayaƙi. A ciki za ka dafa wa hukuma?"

"Yanzu za ka ga fuskarka a jikinta, yallaɓai."

Basiru ya ɗebi toka a murhu, ya yayyafa ruwa, ya shiga dirzar butar da tsumma, hannunsa na kewayawa. Ya ɗauraye. Ya tsoma bakin tsumman a kaskon da yake soya ƙwai, ya shafe butar. Nan take ta ɗauki ƙyalli.

"Kullum haka kake yi?"

"Tun ina yaro haka maigidana ya koya min."

"Miƙo tsumman."

Hannun Basiru ya tsaya. Saja ya fizge, ya warware shi a gaban jama'a. Cikin baƙin toka da maiƙo, ga shuɗi ya rina tsakiyarsa.

"Butarka shuɗiya ce?"



Saja ya miƙe, yana magana yana kai da kawowa. "Ku ji, masu duwatsu. Wanda ya buge Baba Sama'ilu ya dawo ya tarar keke ya bar baƙin zane a jikin mota. Da Nababa ne, ga sanfefa a bokiti, ga sabon mai a leda, zai share shi ko aljani ba zai gane ba. Wannan kuwa toka ya ɗebo ya dirza kamar gindin buta. Da ya ga wurin ya dushe, sai ya shafa mai don ya yi ƙyalli. Da farko na zaci mace ce, don mata ma da toka suke wanke tukunya. Amma ku sansana. Man gyaɗa ne da aka soya ƙwai da albasa a ciki. Kasko nawa ne kusa da motar nan? A inuwa dabarar ta rufe idon kowa, har ni. Kiyashi ne ba su yarda ba."

Basiru ya zube a ƙasa.

"Saja, ka rufa min asiri. Yarinyar da nake nema a ƙauyen gaba, na ce mata ina da mota. Kullum sai ta ce in kawo ta gani. Na ga gari ba kowa, na ce in je in dawo kafin a idar. A kwanar gona na gan shi, na taka birki ashe totur na taka."

"Ka tsaya ka duba shi?"

"Tsoro ne ya..."

"Ka bar tsoho a rana da karyayyar ƙafa, ka dawo kana wankin mota. Sannan ka tsaya a nan kana tambayar mota a hannun wa take."

Nababa ya dube shi. "Basiru, kullum a teburinka nake karyawa. Da sun cinna fetur ɗin nan, kallo za ka yi?"

 Ankwar da aka cire wa Nababa ita aka sa wa Basiru. Saja ya ɗora shi a babur, ya ce wa Fatihu, "Ka je ka gaya wa Hajiya. A kai Baba asibiti yanzu, kada a tsaya shawara."

Ƙarar babur ta yi nisa. Samari suka zubar da duwatsu a hankali, kowa na kallon wani wuri. Mai galan ya ɓoye shi a bayansa.

Nababa ya tsuguna gaban kafaɗar motar, ya hure kiyashin, ya daɗe yana kallon inda toka ta cinye fentin marigayi. Wannan kam babu sanfefar da za ta dawo da shi. Ya taɓa ƙarfen ya ji ya fara zafi.

Ya ɗago ya dubi samarin.

"Me kuke jira? Ku da ƙarfi ya yi wa yawa, ku zo ku tura min ita inuwa."